Shin adalci ne darasi ɗaya ya tsayar da ɗalibin likitancin dabbobi?

Kawun Ɗalibi (Bagalam):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga likitocin dabbobi da malaman jami'a da ke cikinmu take. Ɗan ƙanwata yana shekara ta uku a wata makarantar likitancin dabbobi a ƙasar waje, kuma sakamakon zangon da ya ƙare ya fito. Matsakaicin makinsa na zangon gaba ɗaya 12 da rabi ne bisa 20, amma a darasin ilimin magunguna 6 ya samu, sai aka ce zangon bai ci ba har sai ya sake zama jarrabawar wannan darasi a zagaye na biyu, in kuma ya sake faɗuwa yana iya maimaita shekarar. Abin da muka sani tun muna lise shi ne wanda ya kai 10 ya wuce, kuma da haka ake cin bak. To, ta yaya yaron da ya haura 12 zai tsaya saboda darasi guda?

Malamar Jami'a:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kuka sani game da bak daidai ne, sai dai ba haka lissafin yake ba a tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da yawancin makarantun ƙasashenmu masu aiki da Faransanci suke bi yanzu. A wannan tsari ana raba shekara zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30 (kiredi shi ne awon nauyin karatu), shekara tana da 60, kuma darussan suna haɗe ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da kiredinsa. Ɗalibi yana mallakar kiredin rukuni idan ya kai 10 bisa 20 a cikinsa, kuma abin da ya mallaka ya zama nasa, ba ya sake zama jarrabawarsa. Akwai kuma tsarin cike giɓi, inda maki mai yawa a wani darasi yake ɗaga maki mai rauni a wani, shi ne abin da kuke tsammanin a yi wa yaronku. Amma makarantu da yawa, musamman na fannin lafiya, sun sa wa cike giɓin iyaka: akwai makin da idan ɗalibi ya faɗo ƙasa da shi, to babu wani darasi da zai ɗaga shi. Kowace makaranta ita ke yanke wannan iyaka, tana kuma rubuta ta a takardar dokokin jarrabawa da ake ba ɗalibai. Ku ce wa yaron ya turo muku wannan takarda, a cikinta za ku ga iyakar da aka kama shi da ita da kuma sharaɗin maimaita shekara.

Dakta na Dakoro:
Malama ta faɗi yadda dokar take, ni kuma zan faɗi dalilin da ya sa nake goyon bayanta, ko da zancen ba zai yi wa Alhaji daɗi ba. Ku ɗauka rukuni yana da darasi biyu masu nauyi ɗaya, ɗalibi ya samu 14 a ɗaya, 6 a ɗayan. Lissafi ya ba shi 10, ya wuce. Idan darasin da ya samu 6 ɗin tarihin kiwo ne ko tattalin arzikin karkara, ba zan tayar da murya ba. Amma ilimin magunguna shi ne abin da hannunsa zai riƙe kowace safiya har ya bar aiki.

Bari in ba da misali da magunguna biyu da babu ɗakin sayar da maganin bisashe a jihar Maradi da ba za a same su ba. Oksitetarasikilin mai dogon aiki, maganin ƙwayoyin cuta wanda ƙarfinsa kashi 20 cikin 100 ne, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Ibamektin, maganin tsutsa, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 kuwa mililita 1 ne ga kowane kilo 50. Akuya mai kilo 25 za ta karɓi mililita 2 da rabi na farkon, rabin mililita na biyun. Wanda ya rikita ƙa'idojin biyu zai zuba mata ninki biyar na ibamektin, ko kuma ya ba ta kashi ɗaya cikin biyar na maganin ƙwayoyin cutar, wanda ba zai warkar da ita ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jure magani. Haka zilazin da ake kwantar da dabba da shi kafin aiki: saniya kusan kashi ɗaya cikin goma take buƙata na abin da doki yake buƙata a kowane kilo, kuma wanda ya yi mata ma'aunin doki yana iya kashe ta. Albendazol, maganin tsutsar ciki, kuma ba a ba dabbar da ke farkon ciki. Babu makin ilimin sassan jiki da zai cike wannan giɓi a ranar da makiyayi ya kawo saniyarsa ta tatsa.

Ɗalibin Shekarar Ƙarshe:
Dakta, Allah ya ƙara girma. Ba na jayayya da ku a kan haɗarin kuskuren ma'auni, amma ina jayayya da cewa 6 bisa 20 yana nufin yaron bai iya ma'auni ba. Sai mun ga takardar tambayoyin kafin mu yanke wannan hukunci. A makarantar da nake, jarrabawar wannan darasi ta awa biyu ce, kuma mafi yawan makin yana kan jero rabe-raben magunguna da bayanin hanyar da kowanne ke bi a cikin ƙwayar halitta, kamar yadda malami ya rubuta a takardun da ya raba mana. Lissafin ma'auni, wanda kuka gina hujjarku a kansa, tambaya ɗaya ce a ƙarshen shafi. Saboda haka mai hadda yana iya samun 15 alhali bai taɓa lissafin ba, wanda ya iya lissafin kuma ya faɗi domin bai haddace jadawali ba. Na ga abokan karatu masu 16 da aka miƙa wa sirinji suka kasa samun jijiyar wuyan tunkiya. Idan za a ba darasi ɗaya ikon tsayar da mutum shekara guda, to wajibi ne jarrabawarsa ta auna abin da ake tsoro, ba ƙarfin hadda ba.

Dakta na Dakoro:
Ƙanena, rabin maganarka na karɓa. Amma abin da kake kira hadda ba duka ne banza ba. Wanda bai san hanyar da magani ke fita daga jiki ba, ba zai san dalilin da ya sa ake hana shan nonon saniya ko yanka ta na wasu kwanaki bayan allura ba, kuma ba zai iya bayyana wa mai ita ba. Gyaran da kake nema gyaran tambayoyi ne, kuma ina tare da kai a kansa. Ɗage iyakar wani abu ne dabam.

Baba Tsohon Ma'aikacin Kiwo (Tasawa):
Ƴaƴana, na karanta maganganunku duka. Ni ba dakta ba ne, ma'aikacin kiwo ne da ya yi rayuwarsa a wuraren rigakafi, kuma na yi aiki a ƙarƙashin likitoci da dama, mafi yawansu daga makarantar likitancin dabbobi ta ƙasashen Afirka da ke Dakar, wadda aka kafa a 1968 kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka mallake ta. Mu da muka ga zamanin yaƙi da bushiya, annobar shanu, kafin a shelanta ƙarewarta a duniya a 2011, mun san cewa ba a ci wannan yaƙi da wayo ba, an ci shi ne da mutanen da suka riƙe ƙa'ida ba su sake ta ba: allurar rigakafi ta zauna cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har wuyan saniya, kuma kwalbar da aka haɗa da ruwa a yi aiki da ita nan take, abin da ya saura a zubar.

Abin da nake so ɗana ɗalibi ya gane shi ne, akwai ilimin da ake so ya zauna a kai daram, domin a ranar da ake buƙatarsa babu lokacin buɗe littafi. Saniya ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, mahauta sun riga sun zo da wuƙaƙe, mai ita yana kuka yana so ya tsira da ko kuɗin fata ne. Likita yana da ɗan lokaci kaɗan ya ce kada a feɗe ta, saboda idan ciwon saifa ne, buɗe gawar yana sa ƙwayar cutar ta yi ɓawo ta zauna a ƙasar wurin shekaru masu yawa, ga kuma mutanen da za su taɓa naman su kamu. Wanda ya wuce wannan darasi da taimakon makin wani darasi, ban so a turo shi Tasawa.

Ɗalibin Sakkwato:
Baba, Allah ya ja da rai. Ina so in ƙara wa Alhaji bayanin yadda abin yake a Najeriya, tun da yaran Maradi da yawa suna karatu a Sakkwato da Zariya. A can karatun likitancin dabbobi shekara 6 ne ga wanda ya fara daga ajin farko, ana ba da maki bisa 100, kuma a darussan sana'ar makin wucewa 50 ne. A lissafi 50 bisa 100 daidai yake da 10 bisa 20, sai dai kowane darasi da kansa ake cinsa, babu wani da ke ɗaga wani. Wanda ya faɗi yana sake zama jarrabawar ko ya maimaita, gwargwadon yawan darussan da suka kayar da shi. Saboda haka da yaron Alhaji a can yake, ba 6 kaɗai ba, ko 9 bisa 20 ya samu sai ya koma. Akwai kuma malamai daga wasu jami'o'i da ake gayyata su zauna a manyan jarrabawoyin sana'a, domin kada hukuncin ya zama na malamin darasi shi kaɗai. Bayan kammalawa kuma sai hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya ta yi wa mutum rajista kafin ya fara aiki.

Kawun Ɗalibi (Bagalam):
Na gode muku. Yanzu na fahimci dokar, amma maganar ɗalibin shekarar ƙarshe ta tsaya mini. Shin yaro yana da ikon ganin takardarsa bayan an gyara ta, ko sai dai ya karɓi abin da aka manna a allo?

Malamar Jami'a:
Makarantu da yawa suna buɗe ƴan kwanaki na ƙorafi bayan fitar sakamako, kuma a cikinsu ɗalibi yana iya rubuta takarda ya nemi a sake duba makinsa. Kwanakin gajeru ne, saboda haka kada ya yi jinkiri. Amma ina ba shi shawara ya je da niyyar ganin inda ya rasa maki, ba da niyyar faɗa ba, domin abin da aka fi samu a irin wannan dubawa shi ne kuskuren tara lamba ko shafin da aka tsallake, ba sauyin hukuncin malami ba, kuma daga 6 zuwa 10 tazara ce mai faɗi. Amfanin da ya fi girma shi ne ya san abin da zai gyara kafin zagaye na biyu. Idan kuma yana da burs, wato tallafin karatu, ya nemi sharuɗɗanta a rubuce tun yanzu, ya ga abin da suka ce game da maimaita shekara.

Game da ƙorafin ɗalibinmu, ina ganin ya taɓa wurin da ciwon yake. Tun 2012 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta fitar da jerin abubuwan da ya kamata sabon likita ya iya tun ranar farko da ya fita daga makaranta, kuma a cikinsu akwai gane cututtukan da ke tsallaka iyakokin ƙasashe, da cututtukan da dabba ke sa wa mutum, da tsabtar abinci, da amfani da magunguna bisa ƙa'ida, har da iya magana da jama'a. Takarda da biro ba sa auna rabin wannan. Akwai wata hanya da aka ƙirƙiro a makarantar likitancin mutane ta Dundee a Sikotilan cikin shekarun 1970, wadda makarantun likitancin dabbobi da dama suka ɗauka daga baya: ana shirya tashoshi, ɗalibi yana yin ƴan mintoci a kowace, a nan ya lissafa ma'auni, a can ya ɗinke rauni a kan abin gwaji, gaba kuma ya duba wani abu a madubin ƙara girma, kuma kowane mai dubawa yana riƙe da jeri ɗaya na abubuwan da zai lura da su ga kowane ɗalibi. Matsalarta tsada ce. Tana cin malamai da kaya da lokaci, kuma ajin da ya cika maƙil ba ya barin a yi ta yadda ya kamata. Wannan ne ya sa malami yake komawa ga tambayar hadda, wadda mutum ɗaya zai iya gyarawa a cikin mako.

Baba Tsohon Ma'aikacin Kiwo (Tasawa):
Ƴata Malama, mu a zamaninmu jarrabawar baka ce take yin wannan aiki. A tsayar da kai gaban dabba, a ce ka faɗi shekarunta daga haƙoranta, ka nuna inda za ka soka allura, ka faɗi abin da ka ji a ƙirjinta. Ba a buƙatar tashoshi.

Ɗalibin Shekarar Ƙarshe:
Baba, ku yi mini haƙuri, amma jarrabawar baka ita ce muka fi tsoro, kuma ba don wuyarta ba. A rubutacciyar jarrabawa ana iya rufe suna a sa lamba, a ta baka kuwa malami yana ganin fuskarka, ya san ko kai ne ka yi masa gardama a aji. Wani ya faɗa kan tambayar tsawon cikin akuya, ya ce wata biyar, ya fita da 14. Na bayansa ya faɗa kan tambayar da ko mataimakin malamin zai yi tunani kafin ya amsa. Ga kuma harshe: wanda ya tashi a gidan da ake Faransanci yana lulluɓe ƙaramin sani da zance mai santsi, ɗan ƙauyen da ya san dabba tun yana yaro kuma ya tsaya yana neman kalma. Idan za a yi ta baka, to a sa masu dubawa biyu, tambayoyin kuma a ciro su daga akwati ɗaya.

Hajiya Mai Awaki (Unguwar Zariya, Maradi):
Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni mai kiwo ce kawai. Ina da jajayen awaki irin namu na Maradi, kuma da nononsu da ƴaƴansu nake ɗaukar nauyin gida. Ban taɓa tambayar likita makinsa ba, kuma ban san wata mai kiwo da ta taɓa tambaya ba. Abin da nake dubawa shi ne ko zai tambaye ni tarihin ciwon kafin ya buɗe jakarsa: yaushe ta daina ci, me ta ci, ko na shigo da sabuwar akuya daga kasuwa. Shekarar da ciwon nan mai kawo majina da gyambon baki da zawo ya shiga garkena, wani matashi ya zo da takardunsa masu kyau, ya yi ta yi mini bayani rabi da Faransanci, ya yi allura ya tafi, bai ce in ware marasa lafiya ba. Wanda ya zo bayansa ne ya zauna ya tambaye ni, ya gano cewa daga akuyar da na sayo ne, ya sa na raba garken, ya kuma ce in riƙa kai su rigakafi. Tambayata ga Malama ita ce, a cikin duk waɗannan jarrabawoyi akwai wadda ake sa ɗalibi ya yi magana da mai dabba da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, a ba shi maki a kai?

Malamar Jami'a:
Hajiya, wurin da ya dace a auna wannan shi ne lokacin sitaj, sa'ad da ake tura ɗalibi wurin likitan da ke aiki a fili. Ciwon da kuka kwatanta ya yi kama da annobar ƙananan bisashe, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da ita, kuma ba za a kai ga haka ba sai masu kiwo irinku sun fahimci abin da ake gaya musu. Sai dai makin sitaj shi ne maki mafi arha a takardar ɗalibi. Kusan kowa yana dawowa da 15 ko 16, saboda mai kula da shi yana jin kunyar rubuta ƙasa da haka ga yaron da ya ci abinci a gidansa. Dakta na nan, shi zai gaya mana ko na yi ƙarya.

Dakta na Dakoro:
Ba ku yi ƙarya ba, Malama, amma takardar da makarantu suke aiko mana ita ma tana da laifi. Tambayoyinta su ne ko ɗalibi yana zuwa a kan lokaci, ko yana da ladabi, ko yana son aiki. Yaron kirki zai cika waɗannan duka ko da bai iya komai ba. Babu layin da ke tambaya ko ya iya ƙiyasta nauyin sa ba tare da sikeli ba, alhali duk lissafin ma'aunin da muka fara da shi a kan wannan ƙiyasi yake tsaye, kuma a kwarin Tarka da ke yankinmu babu sikeli. Babu layin da ke tambaya ko ya iya kayar da saniya da igiya ba tare da ya karya ta ba, ko ya iya duba huhu da hanta a mayanka ya ware wanda bai dace a ci ba, ko ya iya kula da akwatin sanyi a watan Afrilu. A tsarin likitoci masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara gwadawa a nan Dakoro, likita ɗaya ne yake jagorantar mataimakan kiwo da ke warwatse a ƙauyuka da rugage, saboda haka sabon dakta malami ne tun ranar farko, kuma kuskuren da ya koyar yana yaɗuwa fiye da wanda ya yi da hannunsa.

Maki yana da wurin da yake aiki, kada ɗalibai su ji Hajiya su saki karatu. Wanda yake neman gurbin masta ko burs ta ƙaro ilimi ko aikin ɗakin bincike, takardar makinsa ta kowace shekara za a buɗe, kuma a nan bambancin 12 da 14 yana yanke hukunci. Amma idan ni zan ɗauki mutum aiki, sai na fita da shi garke tukuna.

Malamar Jami'a:
To, Dakta, idan makarantu suka sauya takardar suka sa waɗannan layuka, za ku rubuta 8 ga yaron da ya cancanci 8, kuna sane da cewa wannan maki yana iya tsayar da shi?

Dakta na Dakoro:
Zan rubuta, da sharaɗi biyu. Na farko, takardar ta tafi makaranta kai tsaye daga hannuna, kada a ba yaron ya kai ta cikin ambulan, domin kafin ya isa tasha kawunsa ya kira ni. Na biyu, a turo mini su a lokacin kamfen ɗin rigakafi, sa'ad da akwai dabbobi da yawa da aikin da zan gwada su da shi, ba a hutun damina ba, lokacin da garkuna sun yi arewa kuma ɗalibi yana wuni a ɗakin magani yana karɓar kuɗi.